Yini Guda a Unguwar da Mutanen Gari ke Zaune

Tambayar da aka aiko: "Zan halarci taro a wani babban birni da ban taɓa zuwa ba, kuma ina da rarar yini guda. Ba na son in ƙare a wuraren da ake jibge 'yan yawon buɗe ido. Unguwar da mutanen gari ke zaune nake son gani, mai cike da hada-hada. Yaya zan zaɓe ta, kuma yaya zan yi idan na je?"

'Yar'uwa, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Tsara birane na karanta, shi ne kuma sana'ata, kuma rabin aikin nan a ƙafa ake yinsa: a tsaya a kwana ana ƙirga masu wucewa, ana lura da inda mutane ke rage sauri da inda suke ɗaga ƙafa su wuce. Don haka zan ba ki abin da na sani, ki ɗauki wanda ya dace da birnin da za ki.

Da farko ki raba cunkoso da rai, domin nan ne baƙi suka fi ruɗewa. Ɗan yankin tsakiyar Landan da ake kira City, inda bankuna suke, mutum sama da rabin miliyan ne ke shiga aiki a can, amma ƙidayar 2021 ta nuna masu kwana a wurin ba su kai 9,000 ba. Ranar Talata da tsakar rana ba masaka tsinke. Ranar Lahadi da safe kuwa za ki bi titi ki ji takun ƙafarki. Wannan wurin aiki ne, ba unguwa ba. Akwai kuma wani irin cunkoson, na baƙi zalla. Tsohon garin Venice a Italiya yana da mutum wajen 175,000 a 1951, amma a 2022 mazaunansa suka faɗo ƙasa da 50,000, alhali lungunansa sun fi kowane lokaci cika. Masu cika su da jakar baya suke, gobe kuma wasu ne. Abin da kike nema shi ne wurin da mutanen da kika gani a titi da safe su ne dai za ki gani da yamma, kuma a nan za su kwana.

Shaguna ne ke fara tona asirin unguwa. Idan kika ga kantin magani, da mai aski, da mai gyaran takalma, da mai yankan makulli, da shagon da ke sayar da kwan fitila da tiyo da ƙusa, da gidan wanki da guga, to akwai masu zama. Ba wanda ya zo yawon kwana uku da zai nemi ƙusa. Idan kuwa shago biyar a jere duk kayan tsaraba ne da hotunan gari da gilashin rana, to mazauna sun ja baya. Sai ki ɗaga kai sama: shanya a baranda, tukunyar fure da aka shayar yau, keken yaro a jingine a bakin ƙofa, labule kowane taga da irin nasa. Sannan ki duba shekarun masu tafiya. Ma'aunin da na fi yarda da shi a duk aikina shi ne yaro da tsoho. Titin da ɗan shekara tara zai bi shi kaɗai da jakar makaranta, tsohuwa kuma ta tsallaka shi da sanda ba a firgita ta ba, wannan titin lafiyarsa lau, ko da fentin gidajensa ya koɗe.

Akwai wata alama sabuwa da ta bayyana a 'yan shekarun nan: ƙananan akwatunan makulli masu lambobin sirri, a maƙale a jikin ƙofa ko a ƙarfen taga. Kowane ɗaya yana nufin ɗakin da aka fitar daga hannun mai haya na shekara aka mayar na baƙin kwana biyu. Guda ɗaya ko biyu ba komai. Amma ki ga takwas a ƙofa ɗaya, to benen nan otal ne da ba shi da allo. Abin ya yi tsanani a Barcelona ta Sifaniya har magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar a Yunin 2024 cewa lasisin irin waɗannan gidaje, kusan 10,000, ba za a sabunta su ba, za su ƙare a Nuwamban 2028.

To yaya za ki zaɓa tun kafin ki taka ƙafa? Ki buɗe taswira a wayarki ki ƙara girmanta. Ki nemi inda tituna suka yi sirara, suka yawaita, mahaɗa kusa da mahaɗa, da 'yan dandali a tsakani. Jane Jacobs, marubuciya kan birane wadda ta zauna a unguwar Greenwich Village a New York, ta bayyana tun 1961 abubuwa huɗu da ke raya unguwa, kuma har yau ban ga abin da ya rushe su ba: gidajen kwana su cakuɗu da wuraren sana'a, layuka su zama gajeru yadda mai tafiya zai yawaita shan kwana, tsofaffin gine-gine su zauna tare da sababbi, mutane kuma su yi yawa a wurin. Na tsofaffin gine-ginen nan ne mutane ba su cika fahimta ba. Tsohon gini hayarsa da sauƙi, shi ya sa mai gyaran agogo da tela da mai sayar da littattafai gwanjo ke iya zama a ciki. Sabon gini mai gilashi banki ne ke iya biyansa, da babban kamfani, su kuwa ƙarfe biyar suke rufewa su bar titi ba kowa.

Sau da yawa unguwar da ta cika sharuɗɗan nan, in kika bi tarihinta, gari ce mai zaman kanta da birni ya girma ya haɗiye. Gràcia ta Barcelona haka take: sai a 1897 aka haɗe ta da birnin, shi ya sa idan kika baro manyan titunan da aka ja da ma'auni kika shiga cikinta, nan take hanyoyi ke matsewa, kina fita daga wannan dandali kina faɗawa wancan. A Santambul, Kadıköy tana ɓangaren Asiya, tafiyar kamar minti ashirin a jirgin ruwa daga Eminönü da ke ɓangaren Turai, kuma wannan ɗan ruwan da ake tsallakawa ya isa ya tace yawancin baƙi. A birnin da ke da jirgin ƙasa na cikin gari, ki ƙirga tasha huɗu zuwa shida daga tsakiya. Kusa da haka haya ta kori iyalai. Nesa da haka sosai kuma sai ki faɗa unguwannin kwana, inda kowa ke fita da asuba ya dawo da dare, rana kuma ba kowa sai motoci a fake.

Ki kuma yi tambaya, matambayi ba ya ɓata, amma ki san yadda za ki yi ta. Idan kika ce wa ma'aikacin otal, "Ina ya kamata in je?" zai ba ki amsar da ya ba mutum ɗari kafin ke. Ki ce masa, "Kai a ina kake zaune? Ranar hutunka ina kake kai yaranka? Mahaifiyarka a wace kasuwa take cefane?" Za ki ga fuskarsa ta sauya, ya ɗauko biro.

Bari in daɗe kaɗan a kan motoci, domin su ne ke yanke hukunci fiye da komai, kuma baƙo ba ya lura. A ƙarshen shekarun 1960 wani masanin birane, Donald Appleyard, ya ɗauki tituna uku a San Francisco, gidajensu kusan iri ɗaya, bambancinsu yawan motoci kawai: ɗaya mota kamar 2,000 ke binsa a yini, ɗaya kamar 8,000, ɗaya kamar 16,000. Ya tambayi mazauna su nuna masa abokansu da waɗanda suka sani a titin. Mutanen titin da ba motoci da yawa suna da abokai ninki uku na waɗanda ke titin mai cunkoso, sanayya kuma ninki biyu. Da ya ce su zana masa iyakar abin da suke ɗauka gidansu ne, na titin shiru suka zana har da titin gaba ɗaya, na titin motoci kuwa wasu ɗakinsu kawai suka zana. Amfanin wannan gare ki mai sauƙi ne. Babban titin da motar haya za ta sauke ki, mai layi huɗu ko shida, ba shi ne unguwar ba, ko da ya fi ko'ina fitilu da alluna. Ki shiga titi na biyu ko na uku daga gare shi. A nan ne za ki ji ƙarar injin ta ragu, muryar mutane ta fito, ki ji wata tana kiran ɗanta daga bene, ki ji cokali yana bugun kofi. Ni in na shiga sabuwar unguwa nakan rufe ido na ɗan lokaci in saurara. Idan ina iya jin hirar mutum biyu daga ɗaya gefen titin, na san na iso.

Lokaci kuma rabin ziyarar ne. Unguwa ɗaya fuska huɗu gare ta a yini. Daga bakwai zuwa tara na safe ta masu sauri ce: ana ɗaga ƙofofin shaguna, ana sauke kaya, iyaye na jan yara, masu shara na kammalawa. Hantsi zuwa azahar ta tsofaffi ce da masu goyo da masu cefane, kuma wannan ne lokacin da mai shago ke da sararin yin magana da ke. Tashin makaranta yakan juya wurin cikin minti goma, dandalin da yake shiru ya cika da ihu da ƙwallo. Sai kuma yamma, daga dawowar ma'aikata zuwa bayan faɗuwar rana, lokacin da kowa ke waje kuma ba mai gaggawa. In yini guda gare ki kuma ba za ki iya ba shi duka ba, ki je wajen ƙarfe uku ki zauna har takwas, za ki kama biyu mafi kyau. Ki binciki ranar hutun birnin tukuna. A Berlin yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, bisa doka. A Alƙahira safiyar Juma'a ce ke yin tsit. A biranen Sifaniya ƙananan shaguna da dama kan rufe tsakanin biyu da biyar na rana. Wanda bai san wannan ba zai je ya dawo ya ce unguwar matacciya ce.

Idan kin isa, kada ki cika wa kanki buri. Mutum yana cin mita 400 a minti biyar in yana tafiya a natse, kuma zuciyar yawancin unguwanni ba ta wuce tafiyar minti goma daga wannan baki zuwa wancan ba. Ba faɗin ƙasa za ki ci ba. Ki zaga sau ɗaya ba tare da kin ciro waya ba, ki gane inda makaranta take, da kasuwa, da wurin ibada, da tashar mota, domin a tsakanin waɗannan ne ƙafafun mutane ke saƙa hanya. Daga nan ki nemi wurin zama, benci a dandali ko kujera a ƙaramin gidan shayi da ke kallon titi, ki zauna rabin awa cur. Wannan ne abin da baƙi ba sa yi, kuma shi ne ziyarar. Minti goma na farko ba za ki ga komai ba sai mutane na wucewa. Bayan nan ido ke buɗewa.

Wata rana a Santambul na zauna haka a wani siririn titi, da littafin ƙirgata a cinya. Sai na ga kwando yana saukowa daga hawa na huɗu, ɗaure da igiya, a hankali, yana juyawa, har ya tsaya daidai kafaɗar mai kantin da ke ƙasa. Bai ko ɗaga kai ba. Ya sa hannu ya ciro 'yar takarda, ya karanta, ya shiga ciki, ya fito da ƙulli biyu ya zuba, ya ja igiyar sau ɗaya. Kwandon ya koma sama, wani hannu mai tamoji ya karɓe shi, taga ta rufe. Wata yarinya da ke wucewa da jakar makaranta ta kauce wa igiyar ba tare da ta daina maganar da take yi da ƙawarta ba. Duk abin bai kai minti uku ba. A cikinsa na ga cewa tsohuwar da ba ta iya sauka bene ba a bar ta ita kaɗai ba, cewa mai kantin ya san rubutunta, kuma cewa abin ya zama jiki har yara ba sa kallo. Da a mota na wuce, ko a ƙafa ina sauri, da bango kawai zan gani.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, kuma ina roƙonki ki riƙe shi da kyau. Wurin da za ki je gidan mutane ne. Ba su buɗe shi don kallo ba, ba kuma wanda ke biyansu. A 'yan shekarun nan unguwanni da yawa sun gaji. A Bukchon, unguwar tsofaffin gidaje a Seoul ta Koriya ta Kudu, tun Nuwamban 2024 aka hana 'yan yawon buɗe ido shiga wani sashe daga biyar na yamma zuwa goma na safe, daga Maris na 2025 kuma aka fara cin tarar won 100,000 na kuɗin ƙasar. A unguwar Gion ta Kyoto a Japan an kafa alluna a 2024 da ke hana baƙi shiga wasu lungunan da mallakar mazauna ne, bayan shekaru ana tare mata a hanya ana ɗaukarsu hoto. A Paris, mazauna wani ɗan titi mai gidaje masu launi, Rue Crémieux, sun nemi hukuma a 2019 ta sa musu ƙofa, saboda masu zuwa rawa da hoto a bakin gidajensu. Ko a Gràcia da na yaba miki, mutanen da ke kewaye da dandalin Plaça del Sol sai da suka kafa na'urorin auna ƙara a barandarsu don su nuna wa hukuma abin da ke hana su barci. Ba ɗaya daga cikin baƙin nan da ya zo da mugun nufi. Kowa gani yake shi kaɗai ne, hoto ɗaya ne, minti ɗaya ne. Mai gidan kuwa na ɗari uku ke nan yau.

Na taɓa jagorantar wasu ɗalibai zagayen wata unguwa. Ɗaya daga cikinsu ya ga wata ƙofa a buɗe, tsakar gida na hangowa, da shanya da wani yaro a zaune a ƙasa yana wasa da murfin kwalba. Ya durƙusa ya saita kyamara. Uwar yaron ta fito daga ciki, ba ta ce uffan ba, ta sunkuya ta ɗauke ɗanta, ta juya masa fuska zuwa ƙirjinta, ta sa ƙafa ta tura ƙofar. Har yau ina jin ƙarar sakatar. Alhakin yana wuyana, domin ni na kawo su kuma ban ja musu kunne ba. Tun daga ranar, kafin mu sauka daga mota nake faɗa: ba a ɗaukar yaro, ba a ɗaukar cikin gida ko ta ƙofa ko ta taga, ba a ɗaukar fuskar mutum sai an nuna masa kyamara ya gyaɗa kai. Ba a zama a dakalin ƙofar wani. Ba a tsayawa a tare hanya, musamman a siririn gefen titi inda mai keken jariri zai rasa wurin bi. In an fi mutum huɗu, a rabu. Murya kuma a daidaita ta da ta wurin. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka ki kalli yadda 'yan unguwa ke yi, ki yi ƙasa da haka kaɗan. Da dare ki tuna a saman kanki wani ke kwance wanda zai tashi ƙarfe biyar.

Ki yi ciniki a unguwar, ko kaɗan ne. Ki ci abinci inda kika ga ma'aikata da iyalai suna ci, ki sayi abin da kike bukata a ƙaramin shago maimakon ki bari sai kin koma otal. Kuɗin ba shi ne kawai dalili ba. Sayayya ita ce ƙofar magana da ba ta takura wa kowa. Ki koyi kalma huɗu na harshensu, gaisuwa da godiya da ban haƙuri da "nawa ne", ki faɗe su ko da a karkace. In hira ta buɗe, ki tambayi mai shago tun yaushe yake nan da abin da ya sauya. Wannan tambayar ba ta taɓa ba ni kunya ba. In kuwa kika ga yana da jama'a a gabansa, ki biya ki matsa.

Game da tsaro, unguwa mai rai takan fi wurin da ba kowa aminci, saboda idanu sun yi yawa: mai shago, tsohon da ke benci, matar da ke taga. 'Yan sane sun fi son tashoshi da wuraren da baƙi ke cunkushewa suna kallon sama. Duk da haka ki rataya jaka ta gaba, ki bar fasfo a ma'ajiyar otal in dokar ƙasar ta yarda da kwafi, kuma kada ki tsaya tsakiyar hanya kina juya taswira. Ki shiga shago ki duba. A matsayinki na mace ke kaɗai, ki riƙa lura ko akwai mata da yara a titin. In kika sha kwana kika ga sun ɓace, shaguna a rufe, bango dogo ba ƙofa ba taga, ki juya ki koma inda kika fito ba tare da jin nauyi ba. Sau da yawa layi ɗaya ne tsakanin wuri mai kyau da wanda ba na baƙo ba, kuma taswira ba ta nuna wannan.

Za a iya tallata miki zagayen unguwannin marasa galihu, a mota ko a ayari, da sunan ganin "ainihin rayuwa". Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: in ba mazauna wurin ne ke shirya shi da kansu ba, suna faɗin inda za a shiga da inda ba za a shiga ba, kuɗin kuma yana zama a hannunsu, kada ki je. Talaucin mutum ba abin kallo ba ne.

Kafin ki fita daga otal, ki sauke taswirar unguwar a waya yadda za ta yi aiki ba intanet, ki ɗauki katin otal mai adireshi da harshen ƙasar, ki kuma duba lokacin jirgi ko bas na ƙarshe, domin a birane da yawa, har da Tokyo, jiragen ƙasa kan tsaya jim kaɗan bayan sha biyun dare. Ki sa takalmin da kika saba da shi. In kin samu dama, kafin ki kama hanyar tasha ki koma kujerar da kika zauna da rana, ki ga wa ke kanta yanzu da fitilu suka kunnu.